Kulob ɗin koya wa yara kwamfuta da robo: in masu tallafi sun janye, wa zai biya?

Yau sharhinmu ya shafi wani abu da ya fara shigowa garuruwanmu sannu a hankali. Su ne ƙananan kulob inda yara ke taruwa bayan an tashi daga lakwal, ko ranar Asabar, ko lokacin babban hutu, su koyi ba kwamfuta umarni, su kuma haɗa ƴar na'urar da ke motsi da kanta, wadda ake kira robo ko mutum-mutumi. An fi ganin irin wannan a Yamai, sai jefi-jefi a sauran manyan garuruwa. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne kuɗin da ke tafiyar da su ba daga aljihun iyaye ko asusun lakwal yake fitowa ba. Daga ƙungiyoyin agaji yake fitowa, ko ofisoshin jakadanci, ko wani kamfani mai son a ga alherinsa. To, wannan famfo ne ake ta rufewa yanzu, shi ya sa ya kamata mu zauna mu yi lissafi tun kafin ruwan ya ɗauke gaba ɗaya.

Yadda tallafin waje ya ja baya

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa da take ba Nijar, Tarayyar Turai ma ta tsayar da tallafin da take zubawa a kasafin kuɗin gwamnati. Daga nan gida kuma hukumomi sun ƙara sa ido a kan ƙungiyoyin ONG: a watan Nuwamban 2024 an janye izinin aiki na ƙungiyar Acted ta Faransa, a Fabrairun 2025 kuma aka umarci Kwamitin Red Cross na Duniya ya rufe ofishinsa.

Can waje ma lamarin bai tsaya a kanmu kaɗai ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajensa, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan hukumar USAID, kafin a rufe ta a farkon Yuli. Ingila ta ce za ta rage abin da take warewa daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta nan da 2027.

Kowa ya san yadda ake yi in abinci ya yi kaɗan a gida: ana fara ajiye abin marmari. Ƙungiyar da kuɗinta ya ragu za ta riƙe maganin tamowa, da rigakafi, da rijiya, da taimakon ƴan gudun hijira. Kulob ɗin robo na ranar Asabar yana cikin abubuwan farko da za a tsallake, kuma babu wanda zai zarge ta a kan haka. Saboda haka tambaya biyu ce a gabanmu. Shin abin ya cancanci a cece shi? In ya cancanta, da kuɗin wa?

Me yaran ke koyo a ciki?

Mutane da dama in sun ji an ce robo, sai su tuna fim, su ɗauka wasan yaran masu kuɗi ne. Bari mu fayyace abin.

Yaro ɗan shekara takwas zuwa sha shida yakan fara da wata manhaja mai suna Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Kyauta ce, kuma in an sauke ta a kwamfuta tana aiki ko babu intanet. Yaro yana jera umarni kamar mai jera tubali: yi gaba taku goma, in ka taɓa bango ka juya, maimaita sau biyar. In ya yi kuskure, abin ba zai tafi ba, dole ya koma ya nemo inda ya ɓata. Wannan neman kuskure da gyara shi ne babban darasin, kuma yana tafiya tare da lissafi da karatu.

In ya ƙara girma sai a ba shi wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, irin su Arduino. A haɗa masa na'urar da ke jin danshin ƙasa, da makunnin famfo. Yaro ya rubuta: in ƙasa ta bushe, kunna ruwa, in ta jiƙa, kashe. Shi ke nan, wannan ma robo ne, ko da ba shi da kai da ƙafa.

Wanda ke noman albasa a Galmi, ko mai lambu a Jiratawa ko Ƙonni, ya san kuɗin da mai ke ci da ruwan da ke tafiya a banza. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa da manomi ke kunnawa da kashewa ta wayar salula daga nesa, da wutar hasken rana, har ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan II a 2015. Ilimin da ke ƙarƙashin wannan aiki shi ne wanda ake fara ɗanɗana wa yara a kulob. Ba kowane yaro ne zai zama mai ƙirƙira ba, amma ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba tana bukatar masu gyaran allon sola, da famfo, da waya, da injin niƙa, waɗanda suka fahimci abin da ke cikin na'ura.

Maganar da ba za mu kauce mata ba

Akwai dattijon da zai ce mana: ku tsaya, ƴaƴanmu a ajin zana suke karatu, kuna maganar robo? Yana da gaskiya, kuma gaskiyar mai zafi ce. Ba mu manta da gobarar Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai ba, inda yara kimanin 20 suka rasu a ajujuwan zana, da ta Maraɗi a Nuwamban wannan shekara, wadda ta ci fiye da yara 20. Allah ya jiƙansu. Binciken PASEC na 2019 ya nuna mafi yawan ɗaliban da ke gama firamare a Nijar ba su kai mizanin da ake so ba a karatu da lissafi. Wutar lantarki kuwa, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita, a ƙauye abin ya fi haka muni. Mun kuma ga yadda muka kwana cikin duhu lokacin da Najeriya ta katse mana wuta a 2023 saboda takunkumin CEDEAO.

Matsayinmu a nan shi ne: duk garin da ke da jika ɗari a hannu da aji na zana, ya fara da ajin. Duk lakwal ɗin da yaranta ba su iya karanta jimla ba, ta fara da karatu. Yaron da ba ya karatu ba zai rubuta wa kwamfuta umarni ba.

Sai dai ba kullum ne kuɗin ke zama guda ba. Gina aji aikin gwamnati ne da manyan masu ba da rance, da miliyoyi ake maganarsa. Kulob kuwa ƙaramin abu ne da ƙungiyar ƴan gari ɗaya za ta iya ɗauka. Kuma in muka ce sai an gama gina kowane aji a ƙasar nan kafin ɗan talaka ya taɓa kwamfuta, to ƴaƴan masu hali a makarantun kuɗi na Yamai ba jira za su yi ba. Nan da shekara goma su ne za su riƙe ayyukan, ɗan Dakwaro da ɗan Matamai suna kallo.

Darasin Peru

Kafin mu nemi kuɗi, mu dubi inda aka zuba kuɗi mai yawa aka samu kaɗan. A 2005 wani malamin MIT, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, mai araha, wadda aka yi wa laƙabi da kwamfutar dala ɗari. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta sayi fiye da dubu 800. A 2012 masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a makarantun ƙauye 319. Yaran sun iya sarrafa kwamfutar, an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen tunani, amma a lissafi da karatu ba a ga wani bambanci ba tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Cikin dalilan da aka fi ambata akwai ƙarancin horon malamai: an kawo na'ura, ba a shirya wanda zai koyar da ita ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wajenmu. Mun saba ganin yadda porje ke tafiya. Ana ba shi shekara ɗaya zuwa uku. Mai ba da kuɗi yana son abin da zai ƙirga ya sa a rahoto: kwamfuta nawa aka raba, yara nawa suka zo ranar buki. Saboda haka kuɗin yakan tafi wajen sayen kaya, da taron buɗewa, da kuɗin zama na masu halartar horo. Abin da ba a cika sa wa kuɗi ba shi ne ladan mai koyarwa bayan porje ya ƙare, da batirin da zai mutu, da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da ke kashe na'ura. Sai a canza wa malamin da aka horar wurin aiki. Shugaban lakwal, don tsoron kada a ce ya ɓatar da kayan gwamnati, ya kulle ɗakin ya sa makulli a aljihu. Kayan suna nan a lissafi, yara ba su gani. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Waɗanda suka ɗore, yaya suka yi?

A 2011 a birnin Cork na ƙasar Ailan, wani matashi James Whelton da wani ɗan kasuwa Bill Liao suka kafa CoderDojo. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: yaro ba ya biyan ko sisi, masu koyarwa ƴan sa kai ne, ɗakin kuma wani ne ke ba da aronsa, ɗakin karatu ko ofis ko makaranta. A 2012 aka kafa Code Club a Ingila a kan irin wannan tsari. Dukansu sun bazu zuwa ƙasashe da dama, daga baya kuma suka shiga ƙarƙashin gidauniyar Raspberry Pi, Code Club a 2015, CoderDojo a 2017.

Ita wannan gidauniya akwai abin lura a tsarinta. Ba da roƙo kaɗai take rayuwa ba. Ta kafa kamfanin da ke sayar da wata ƴar kwamfuta mai girman katin banki, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35, wato kimanin jika 20 na sefa, ban da allon kallo da madannai. Ribar kasuwancin tana komawa aikin koyar da yara. A Yunin 2024 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan, gidauniyar kuma ta ci gaba da riƙe babban kaso.

Abu biyu za mu ɗauka a nan. Na farko, kulob mai ɗorewa shi ne wanda kuɗin tafiyar da shi na wata-wata ya yi ƙanƙanta har gari zai iya ɗauka. Na biyu, yana bukatar wata hanyar shigar kuɗi da ba ta dogara da ra'ayin wani minista a wata ƙasa ba.

Amma kada mu kwafo komai ido rufe. Ɗan sa kai a Ailan yana da albashi, Asabar ɗinsa ce kawai yake bayarwa. Namu matashin da ya gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, sau da yawa ba shi da aiki, kuɗin man babur ma sai ya nema. In aka ce ya yi kyauta, zai yi wata biyu ya gaji, kuma ba laifinsa ba ne. A wajenmu dole a sa ɗan alawus na mai koyarwa a sahun farko na lissafi, kafin a yi maganar sayen robo.

Gasa da tafiye-tafiye

Wani wurin da kuɗi ke tafiya shi ne gasa. Akwai gasar duniya ta FIRST Global da aka fara a Washington a 2017. A wannan shekara ne aka hana ƴan matan Afganistan da matasan Gambiya biza da farko, sai da duniya ta yi ca kafin aka bar su suka shiga. A nan kusa akwai gasar robo ta Afirka, PARC, wadda malamin jami'a ɗan Senegal Sidy Ndao ya kafa, ana yin ta a Dakar. Maƙwabtanmu na Mali suna da cibiyar RobotsMali a Bamako.

Gasa tana da amfani. Tana sa yaro ya ga sa'o'insa na wasu ƙasashe ba su fi shi kai ba, tana kuma jawo hankalin hukuma. Sai dai kuɗin jirgi da masauki na yara biyar da mai rakiyarsu zai iya riƙe kulob na gari guda tsawon lokaci. Shawararmu ita ce kuɗin tafiya ya fito daga kamfanoni masu neman suna, irin na waya da bankuna, tunda su ke cin ribar hoton. Kuɗin da talaka ya tara kuwa ya tsaya a gari. Gasa tsakanin lakwal biyu a filin gari ranar kasuwa, inda uwa za ta ga abin da ɗiyarta ta haɗa da hannunta, ta fi kusa da bukatarmu a yanzu.

Ina kuɗin gida yake?

A nan ne maganar ta zo kanku, ƴan uwa na Kano da Legas, da Abijan, da Akara, da Aljeriya, da Libiya, da Faransa, da Amurka. Kun daɗe kuna gina masallatai, kuna haƙa rijiyoyi, kuna aiko da kuɗin hatsi lokacin bazara. Da yawanku kuna da ƙungiyar ƴan gari da asusu. Ga lissafi mai sauƙi: mutum 50, kowa ya ba da jika biyu a wata, an samu jika ɗari, a shekara miliyan ɗaya da jika ɗari biyu ke nan. Kowane gari ya auna da farashin kasuwarsa ya ga abin da wannan zai ɗauka na alawus, da gyara, da canjin batir. Kwamfutar da ofishinku ya daina aiki da ita, in dai tana tashi, ta isa ta ɗauki Scratch. Kwamfuta biyar, yara uku-uku a kan kowace, an zaunar da yara 15.

Alhazan Maraɗi da sauran ƴan kasuwarmu ma suna da hanya. Addininmu ya san waƙafi, Nijar kuma tana da hukumar da ke kula da shi. Shago ɗaya a kasuwa da aka tsayar da kuɗin hayarsa don ilimin yara zai fi kyautar rana ɗaya da ake ɗauka a hoto. Shi kansa kulob ɗin, in yana da allon sola, zai iya cajin waya, da buga takardu, da ɗaukar hoton takarda a kan kuɗi kaɗan a ranakun da yara ba su nan, abin da aka samu ya shiga asusun gyara. Meri za ta iya ba da ɗaki. Hukumar ANSI mai kula da shirin ƙauyuka masu intanet, da cibiyar CIPMEN ta Yamai, wurare ne da ya kamata a ƙwanƙwasa wa ƙofa don neman masu horarwa.

Kuɗin gida ma yana da nasa ciwo, kada mu ɓoye. Asusu nawa ne ya watse saboda ma'aji ɗaya ya riƙe komai babu takarda? Wanda ke wahala a ƙasar mutane ba zai ci gaba da aikowa ba in bai ga inda kuɗinsa ya shiga ba. Maganin shi ne kwamitin iyayen lakwal da ƙungiyar uwaye su shiga ciki, sa hannun mutum biyu kafin a fitar da kuɗi, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata uku, a aika hotonsa a zauren WhatsApp na ƴan gari.

Abin da za a tambaya kafin a karɓa

Ba mu ce a ƙi tallafin waje ba. In ya zo ta hanyar da doka ta yarda, a karɓa da godiya. Amma duk wanda ya zo da tayin kulob, baƙo ne ko ɗan gari, hakimi da iyaye su zaunar da shi su tambaya. Wa zai koyar, kuma ɗan garin nan ne ko za a iya ɗauke shi gobe? Wa zai biya shi bayan porje ya ƙare? In na'ura ta lalace, akwai mai gyara a kusa, kuma ana samun kayanta a kasuwar Maraɗi ko Kano? A hannun wa makulli zai zauna? Da wane harshe za a koyar? Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a kundin sake gina ƙasa, babu dalilin da zai sa a bar yaro a baya don faransancinsa bai nuna ba.

A kuma tambayi lokaci. Babban hutu yana faɗawa cikin damina, yaran ƙauye suna gona. Da yamma akwai makarantar allo, sai an zauna da malam an daidaita. Sannan ƴan mata: su ke talla, su ke ɗebo ruwa, su ke riƙon ƙanne. In ba a ware musu rabin kujeru tun ranar farko ba, kuma ba a sa lokacin da uwaye suka yarda da shi ba, kulob zai cika da maza kafin wata ya ƙare. Samun mace cikin masu koyarwa yana sa iyaye su saki jiki.

Garin da ya samu amsar waɗannan tambayoyi ya fara da abin da ke hannunsa, ko da kwamfuta uku ne da allon sola ɗaya, ya gwada shekara guda, ya ƙirga yaran da suka fara da waɗanda suka kai ƙarshe, sannan ya yanke shawarar ƙarawa. Garin da bai samu ba, gara ya jinkirta ya sa kuɗinsa a benci da littafi.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman malaman lakwal, da uwaye, da shugabannin ƙungiyoyin ƴan gari na waje. In garinku ya taɓa samun irin wannan kulob, ku faɗa mana ko yana nan ko ya mutu, da abin da ya riƙe shi ko ya kashe shi, don sauran garuruwa su amfana. Allah ya raya mana zuri'a.